Da gaske Amurka ce ta sayi Gorbachev ya wargaza Tarayyar Sobiyet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne, ina rubuta project kan ƙarshen Yaƙin Cacar Baka. Kullum a TikTok da WhatsApp sai in ji ana cewa Gorbachev, shugaban Sobiyet na ƙarshe, ɗan leƙen asirin hukumar CIA ta Amurka ne, shi aka ba kwangilar rusa Sobiyet, kuma wai irin shirin da ake yi wa Najeriya ke nan. Wallahi abin ya tsaya min a rai, har na fara shakkar abin da muke karantawa a aji.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka ɗalibi, karatunka na aji ya fi waɗannan bidiyoyin gaskiya nesa ba kusa ba.

Tunda ka san su glasnost da perestroika, wato manufofin Gorbachev na bayyana al'amura a fili da yi wa tsarin ƙasa garambawul, ba sai na koma kansu ba, mu tafi kan kuɗi. Ƙasar da take da filin noma kamar Sobiyet amma tun 1963 take sayen hatsi daga waje, a 1972 ma daga Amurkar ta saya, kuma kuɗin man fetur da gas ne ke biyan wannan hatsin. A 1986 farashin gangar mai ya rikito daga kusan dala 30 ya koma wajen dala 10. Mu nan mun san shekarar, ita ce Babangida ya kawo SAP. To su ga faɗuwar mai, ga fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a watan Afrilun shekarar, ga yaƙin Afghanistan tun 1979 wanda ya ci musu sojoji wajen 15,000, ga tseren makamai da shugaban Amurka Reagan, mutane kuma na bin layi a kantuna ba nama ba sabulu.

Yanzu maganar CIA, wadda ni gaskiya ta ishe ni, don kusan duk inda na yi magana kan wannan tarihin sai wani ya ɗaga hannu da ita kamar ya gano wani sirri. Wa ya ɗora Gorbachev a Maris 1985? Manyan jam'iyyar kwaminis ne da kansu, bayan shugabanni uku, Brezhnev da Andropov da Chernenko, sun mutu a jere cikin ƙasa da shekara uku. Andropov da ya ɗaga shi tsohon shugaban KGB ne, hukumar leƙen asirin Sobiyet. Kuma mutumin da ake cewa an saya don ya wargaza ƙasa shi ne ya shirya ƙuri'ar raba gardama a Maris 1991 don a riƙe tarayyar, kusan kashi 76 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a riƙe ta, duk da jamhuriyoyi shida sun ƙaurace. Ranar 1 ga Agusta 1991 shugaban Amurka Bush babba ya tsaya a Kiev yana jan kunnen 'yan Ukraine kan zafin kishin ƙabila, saboda Amurka na tsoron inda makaman nukiliya za su faɗa in ƙasar ta tarwatse. Wanda ya shirya rushewa ne zai yi wannan jawabin? Haba.

Ba wai ina wanke Amurka ba ne fa, ta ba mujahidan Afghanistan makamai ta hannun Pakistan, ta tallafa wa ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity mai adawa da gwamnatin kwaminis a Poland, ta matsa lamba iya ƙarfinta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu cewa mujahidai kaɗai suka yi aikin su ma su tuna sojojin Sobiyet sun fice a Fabrairu 1989, gwamnatin Najibullah da suke mara wa baya a Afghanistan kuwa ta kai har Afrilun 1992, wato ta riga ta ga bayan Sobiyet ɗin kanta.

Babban abin da Gorbachev ya yi shi ne ƙin tura tankokin yaƙi ƙasashen Gabashin Turai a 1989 kamar yadda aka yi wa Hungary a 1956 da Czechoslovakia a 1968. Da mutane suka gane haka sai Poland ta zaɓi 'yan adawa a Yuni, katangar Berlin ta buɗe ranar 9 ga Nuwamba. Waɗanda suka ƙarasa ƙasar kuma 'yan gida ne, shugaban KGB Kryuchkov da ministan tsaro Yazov suka yi juyin mulki a Agusta 1991 ya watse cikin kwana uku, shugaban Rasha Yeltsin ya samu ƙarfi, Ukraine ta zaɓi 'yanci da sama da kashi 90, ranar 8 ga Disamba shugabannin Rasha da Ukraine da Belarus suka sa hannu cewa tarayyar ta ƙare, Gorbachev ya sauka ranar 25.

Abin da ke ba ni tsoro da wannan jita-jitar, tana hana matasanmu tambayar da ta kamata: me ke faruwa da ƙasar da ta jingina cikinta da farashin mai, jami'anta kuma suna tura wa na sama alƙaluman ƙarya? A project ɗinka ka ware babi guda kan mai da hatsi, wani kan rikicin jamhuriyoyi tun daga Nagorno-Karabakh, yankin da Armenia da Azerbaijan suka yi takaddama a kai, a 1988 zuwa ɓallewar Lithuania a Maris 1990. Duk wanda ya sake ce maka an sayi Gorbachev ka ce ya kawo takarda ɗaya daga ma'ajiyar Mosko ko ta Washington. Allah ya ba da sa'a.