Waya Ta Hau, Laftof Ta Ƙi: Amsoshin Baba Injiniya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya, ya aiki, ya iyali? Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a wata jami'a nan Abuja, daga Kubwa nake zuwa kullum. Yayana ya saya mini laftof ta hannu, Dell, mai Windows 10. Batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take kamawa, amma dai tana aiki. Damuwata Wi-Fi na makaranta. Wayata tana hawa ba gardama, ita kuwa laftof in na sa sunana da kalmar sirri sai ta yi ta juyi, can ta ce ba za ta iya haɗuwa ba. A gida kuma tana hawa MiFi ɗin yayana lafiya lau. Wani mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, ga shi duk rubutun furojet ɗina yana ciki. Baba, in kai masa? *'Yarka daga Kubwa.*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki kai. Kafin ma ki ƙarasa karanta wannan amsa, nemi filas ki kwashe furojet ɗin nan, ki kuma tura wa kanki kwafi ta imel. Na sha ganin ɗalibai suna hawaye a gaban teburina a Wuse saboda aikin wata shida ya tafi da fomatin ɗin minti arba'in. Mu masu gyara muna da wannan hali, in abu ya shige mana duhu sai mu ce a share komai a sake. Ni ma na yi a zamanin ƙuruciya, Allah Ya yafe mana.

Kin riga kin faɗa mini inda nake zargi ba tare da kin sani ba, da kika ce batirin ya mutu. Amma bari in fara da bambancin Wi-Fi na gida da na jami'a, don in kin gane shi sauran duk mai sauƙi ne.

MiFi ɗin yayanki kamar ƙofar gida ce mai kwaɗo ɗaya. Duk wanda ke da makulli ya shiga, babu mai tambayarsa ko ɗan wane ne. Yawancin jami'o'i kuwa da tsarin da ake kira WPA2-Enterprise suke aiki, wanda aka gina kan ƙa'idar 802.1X. Wannan ƙofar ma'aikata ce mai maigadi. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma 'yar na'urar da kike gani manne a silin ba ita ke yanke hukunci ba. Ita dai 'yar aike ce, tana kai sunanki ga wata babbar kwamfuta a ofishin ICT, wadda muke kira sabar RADIUS, ita ke duba rajista ta ce a buɗe ko a hana. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kafin laftof ɗinki ta miƙa kalmar sirrinki, ita ma sai ta ce wa maigadin ya nuna takardarsa. Takardar nan ita ce satifiket, kuma a jikinta akwai ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, kamar lasin tuƙi.

To ga inda agogo ya shigo. A cikin laftof akwai wani ɗan batir kamar kwabo, galibi CR2032, aikinsa riƙe lokaci da kwanan wata in an kashe na'ura. Laftof ta hannu da ta shekara bakwai ko takwas, sau da yawa wannan ɗan batir ya gama aiki. In babban batir na da rai ba a cika lura ba. Naki kuwa ya mutu. Saboda haka da zarar kin zare waya daga soket a Kubwa kin hau mota, agogon na iya tsayawa ko ya koma shekarun baya. Kin isa makaranta, sabar ta nuna satifiket ɗin bana, laftof ta duba kalandarta ta ga wata shekara can ta da, sai ta ce wannan takarda ai lokacinta bai yi ba, ta ƙi. Ba za ta gaya miki dalili ba, Windows ba ta da wannan kirkin. A gida kuwa MiFi ba ruwansa da kwanan wata, kina hawa, Windows ta gyara agogonta daga intanet, sai ki ga kamar komai daidai. Wayarki kuma daga layin sadarwa take karɓar lokaci, shi ya sa ba ta taɓa ba ki matsala ba.

Don haka gobe in kin kunna ta a makaranta, kada ki taɓa Wi-Fi tukuna. Dubi ƙasa ta hannun dama: rana, wata, shekara, sannan yankin lokaci, wanda ya kamata ya zama West Central Africa, wato UTC+1. In akwai kuskure ki gyara da hannu ki sake gwadawa. In ta hau, maganin dindindin shi ne a canja ɗan batirin nan. A wasu laftof yana da 'yar waya a jiki, sai an buɗe bayanta, amma aikin minti kaɗan ne, a Banex ko ko'ina ake gyaran kwamfuta za a yi miki, kuma ba ya taɓa fayil ko ɗaya.

In agogo daidai yake, abu na gaba tsohon bayani ne. Windows takan riƙe duk abin da kika fara sa mata, ko da kuskure ne, ta yi ta maimaita shi kamar aku. Wanda ya canja kalmar sirrin shafinsa na ɗalibai ma haka yake faɗawa: laftof na nan tana tura tsohuwar, har wasu makarantu su kulle asusun na ɗan lokaci saboda yawan kuskure. Danna sunan Wi-Fi ɗin da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi Forget, ki sake haɗawa daga farko. Sannan ki kula da yadda ake rubuta sunan shiga. Wata makaranta lambar rajista kawai take so, wata kuma sai cikakken adireshin imel na makaranta har da abin da ke bayan alamar @. Tunda wayarki ta hau, buɗe saitinta ki kwafi yadda aka rubuta harafi da harafi. Wani abin dariya kuma: laftof da yawa na hannu daga Ingila suke zuwa, in an saita madannansu a tsarin Amurka sai alamar @ da alamar " su yi musanyar wuri. Rubuta kalmar sirrin a Notepad ki ga abin da yake fitowa da idonki.

In an tambaye ki hanyar tantancewa, wadda aka fi amfani da ita ita ce PEAP tare da MSCHAPv2, amma wannan ki tabbatar daga ofishin ICT, don wasu EAP-TTLS suke amfani da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma yanayin da za ta ce ta haɗu amma ba intanet. Buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar nan ta Windows da ake rubuta umarni a ciki, ki rubuta ipconfig. In kin ga lambar da ta fara da 169.254, ma'anarta an bar ki kin shiga amma ba a ba ki kujera ba, wato ba ki samu adireshi daga makaranta ba. Wannan yawanci daga ɓangarensu ne ko cunkoso, sai ki kai rahoto. Wasu makarantun kuma sai an yi wa kowace na'ura rajista da lambarta ta MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita daga kamfani. In haka tsarinku yake, ki kashe abin nan na Windows mai suna Random hardware addresses, don yana sa laftof ta riƙa zuwa da sabuwar fuska, rajistar ta tashi a banza.

Ki gaya wa yayanki kuma, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Ba shi ya hana ki hawa ba, amma bayan kin kare furojet a zauna a duba ko na'urar za ta ɗauki Windows 11. Bayan kin kare, na ce. Allah Ya ba da sa'a.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Tawa ta ƙi hawa, sai wani abokina a hostel ya shiga saiti ya cire alamar da ke sa ta binciki satifiket, nan take ta hau. Yanzu duk 'yan ɗakinmu haka muka yi. Akwai matsala? Kuma ɗaya daga cikinsu yana amfani da sunana saboda nasa bai fito ba. *Ɗanka daga Nyanya.*

Amsa: Ɗana, akwai, kuma babba. Abokinka ya kori ciwon kai ne ta hanyar sallamar maigadi.

Sunan Wi-Fi ba mallakar kowa ba ne. Ni da nake nan zan iya ɗaukar laftof da 'yar na'urar da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, in sa mata sunan Wi-Fi na makarantarku daidai wa daida, in zauna kusa da ɗakin karatu ina shan zoɓo. Laftof ɗinka in ta ji sunan da ta sani kuma siginar tawa ta fi ƙarfi, gurina za ta zo da kanta tana cikin jakarka ko kan tebur. Abu ɗaya da zai sa ta gane ni ba makaranta ba ne shi ne satifiket, kai kuma ka ce mata ta daina dubawa. Za ka ce ai MSCHAPv2 ba ya tura kalmar sirri tsirara. Gaskiya ne, amma tun 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna a taron DEF CON a Amurka cewa ana iya fasa shi. Rufin da satifiket ke yi masa shi ne kariyarsa. Shi ya sa ma Google ta cire zaɓin ƙin bincike daga sababbin Android, farawa daga wani sabuntawa na Android 11, mutane suka yi ta ƙorafi, ni kuwa na ce sun kyauta.

Ka tuna a makarantu da yawa kalmar sirrin nan ita ce ta imel ɗinka, wani lokaci har da shafin da kake rajistar kwasa-kwasai da duba sakamako. Ku mayar da alamar, ku je ofishin ICT ku tambayi sunan sabar da satifiket ɗin da ya kamata ku amince da shi, sannan kowa ya canja kalmar sirri. Kai ma ka duba agogonka kamar yadda na gaya wa 'yar'uwarka ta Kubwa, ba mamaki shi ne asalin ƙin hawan.

Batun aron suna kuwa, na san zumuncin ɗaki, wanda kuka ci garin kwaki tare da wuya ka ce masa a'a. Amma duk abin da aka yi da sunanka, a rajistar sabar kai ka yi. In ya sauke abin da doka ta hana ko ya zagi wani malami ta intanet, kai za a kira gaban kwamiti, kuma “ai aro na ba shi” laifi ne na biyu a yawancin ƙa'idojin makarantu. Raka shi ofis a fitar masa da nasa.

Tambaya: Injiniya, ni malami ne. A ofis da safe intanet na gudu, amma a babban ɗakin lacca sai ya zama kamar tafiyar hawainiya, alhali sigina a cike take. Laftof ɗin abokin aikina kuwa tana tafiya a wuri guda. Sannan an ce in zan je taro waje in nemi eduroam, mene ne shi? *Malami daga Gwarimpa.*

Amsa: Allah Ya gafarta Malam. Cikar sigina tana nuna kusancinka da na'urar ne kawai, ba ta nuna yawan masu rububinta. Wi-Fi na tafiya a kan manyan hanyoyi biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Ta farko tana ratsa bango tana zuwa nesa, amma layuka uku kacal gare ta da ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, sai ka ɗauka hanyar Nyanya ce da ƙarfe bakwai na safe. Ta biyu layukanta da yawa, sai dai ba ta nisa. Ɗalibai ɗari uku kowa da waya a aljihu, duk mai tsohuwar na'ura yana kan ta farko. Ina zaton taka a nan take, ta abokin aikinka kuma ta haye ta biyu. Rubuta netsh wlan show drivers a Command Prompt, ka dubi layin Radio types supported. In ka ga 802.11a ko ac ko ax, tana iya 5 GHz, sai a sabunta direbanta, wato manhajar da ke sarrafa Wi-Fi ɗinta, a saita ta ta fifita shi. In b da g da n kawai ka gani, sayi 'yar adaftar USB mai ac, ba sai ka canja laftof ba.

Shi kuwa eduroam, yarjejeniya ce tsakanin jami'o'i da cibiyoyin bincike. Klaas Wierenga na SURFnet a ƙasar Holan ne ya kawo shawarar a 2002, yanzu yana ƙasashe fiye da 100. In jami'arka na ciki, da sunanka na gida za ka hau Wi-Fi a jami'ar Landan ko ta Nairobi da ke cikin tsarin: sabar can tana duba abin da ke bayan @ ta tura tambayar zuwa sabar makarantarka, ita ke tabbatar da kai. Shi ya sa dole sunan ya zama cikakke har da adireshin makaranta. Tambayi ofishin ICT ɗinku ko kuna ciki. In kuna ciki, su ba ka manhajar saitawa ta eduroam CAT ko geteduroam, wadda ke sa satifiket ɗin da kanta, kuma ka gwada ta hau tun kana Abuja, don in ta ƙi a can, masu masaukinka ba su da ikon taɓa asusunka, nan gida za su ce ka kira.