Amsar Yaya kan janaretan da za a turo daga Amurka

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanina, na ji saƙonka tun bayan la'asar, ɗinki ne ya riƙe ni a shago. Ka ce babban yayanmu na Amurka ya sauya janaretan da yake ɗauka a motarsa mai ɗaki, wadda suke kira RV, da suke fita daji hutu da iyali, zai sa tsohon a kwantena ya turo maka Kumasi saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan, kana tambaya ko yana da kyau. Ni a yadda na fahimta, ba kyansa ne ya dame ka ba. So kake wani ya ce maka ajiye kuɗinka, ga na kyauta nan tafe. To ni ba zan faɗa maka haka ba.

Ka fara da wannan: wutarsu daban, tamu daban. A Amurka bolt 120 suke amfani da shi, bugun wutar kuma 60 a daƙiƙa. Mu nan Gana bolt 230 ne, bugu 50. Ƙananan janaretocin da ake yi wa masu RV yawancinsu 120 kawai suke fitarwa, ko ramin soket ɗin ba irin namu ba ne. Cajar waya da ta kwamfuta za su karɓa, don idan ka duba jikinsu za ka ga an rubuta 100 zuwa 240. Amma firijin Hajiya fa? Fanka fa? Za ka ce a sayi tiransifoma. Ita bolt kawai take ɗagawa, ba ta taɓa bugun, yana nan a 60 ɗinsa, abu mai injin juyawa a ciki irin firiji da fanka zai riƙa gudu fiye da yadda aka ƙera shi. Ka haɗa kuɗin kwantena, kuɗin fito a tashar jirgin ruwa ta Tema, kuɗin tiransifoma, sai ka ga kyautar ta ci maka sidi masu yawa.

Af, bari in gyara, kada wani ya kama ni. Akwai manyan nasu masu ba da 120 da 240 duka biyu. Akwai. Amma su ma bugun 60 ne, kuma ba irin wanda mutum ɗaya ke ɗauka da hannu ba ne.

Yanzu wanne za ka saya? Kafin ka taka Adum ko Kejetia, ɗauki biro ka zauna ka lissafa kayanka. Ƙwan fitila na zamani wat 10 ne ko ƙasa. Fanka wajen 60 zuwa 75. Talabijin ka sa 100. Firiji shi ne mai yaudara: yana aiki da 150 ko kusa, amma lokacin da zai tashi yana jan ninki uku ko fiye na ɗan lokaci, nan ne ƙaramin inji ke shaƙewa ya mutu. Dutsen guga da hita kuwa ka cire su daga lissafi gaba ɗaya, guga kaɗai ya wuce 1,000. Ni da na gawayi nake yi idan an ɗauke wuta, kuma yana kwantar da shadda fiye da na lantarkin ma.

Sannan kada lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin tanki ta ruɗe ka. Nan ne ni aka cuce ni, kuma wallahi har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Azumin 2015, kun dai tuna, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Kayan sallar mutane jibge a shagona a Aboabo, keken ɗinki uku, ga na saƙar wuya, yara zaune suna kallona. Na kwashe abin da na tara na je wani shago, mai shagon ya nuna min wani ja mai ƙyalli, an rubuta 3.5 a jiki, ya rantse min zai ɗauki kekunan duka har da firiji. Na kawo shi da murna. Keke biyu suka tashi, na kunna na uku, sai ya yi wani gurnani, fitilu suka dushe kamar aci-bal-bal. Kwana tara ya yi ya fara warin ƙuna. Na ɗora shi a kan aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, zuwa Suame Magazine, makaniken ya buɗe ya kankare wayar da wuƙa a gabana, sai ga fari ya bayyana. Alminiyam ne aka shafa wa launin tagulla. Na koma wa mai shagon, ya ce ni na yi masa lodi. Riguna goma sha ɗaya ban gama ba ranar sallar nan, akwai dattijon da tun daga lokacin bai sake kawo min ɗinki ba, mutumin da na yi wa ɗinki shekara da shekaru. Kuma da na je na ba shi haƙuri ma... to, a bar wannan.

Abin da nake son ka ɗauka, lamba biyu ce a kowane inji: ta tashi da ta aiki. Ta aikin ita ce taka. Idan kuma da kVA aka rubuta, ka cire kashi ɗaya cikin biyar, sauran shi ne wat ɗin da za ka dogara da shi.

Tunda ka ce kana son wanda za ka jefa a but idan za ku arewa biki, ko a kunna lasifika wajen maulidi, to mai inbata za ka nema, wato mai na'urar daidaita wuta a ciki. Honda suna da EU22i, wanda aka yi wa ƙasashe masu wuta irin tamu. Yana ba da 2,200... a'a, 2,200 ɗin na tashi ne, na aiki 1,800. Nauyinsa wajen kilo 21, tankinsa bai kai lita 4 ba, idan lodin kaɗan ne yana kai awa 8. Ba shi da ƙara, wutarsa kuma ba ta rawa, ba za ta ƙona maka talabijin ba. Yana da tsada, ban ɓoye maka ba, kuma jabunsa sun yi yawa, ka tafi da mai ido. Ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai kuwa, fitila da fanka ne iyakarsa, ga hayaƙi.

Hayaƙin nan ma, don Allah kowa a gurup ɗin nan ya saurara. Gidajenmu na zango a matse suke, taga na kallon taga. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin janareta ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take tafiya da shi. Kada a sa shi a ɗaki, kada a sa shi a baranda ko lungu don tsoron ɓarawo. A fili, nesa da ƙofa da taga kamar mita 6, bakin salansa ya juya wa ɗakuna baya. Ka sayi sarƙa da kwaɗo ka ɗaure shi. Kuma kada ka soka wayarsa a soket ɗin bango, wutar tana komawa kan layi ta kama ma'aikacin kamfanin wuta na ECG da ke kan falwaya. Ka kira mai gyaran wuta ya sa maka canjoba, makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi.

Baƙin mai, ka juye na farko bayan awa 20. Idan zai daɗe a ajiye ka tsiyaye fetur ɗin kafireto.

Shi yayanmu na Amurka ka ce masa ya ɗauki hoton ɗan allon da ke gefen injin, inda aka rubuta bolt da Hz, wato bugun wutar, ya turo nan gurup in gani da idona. Idan 120 da 60 ne, ya sayar da shi can ya turo maka kuɗin. An kira magariba, sai na dawo.