Kan batun rage albashin matuƙan jirgi

Malam, ka tambaya ko kamfanin da bashi ya durƙusar zai iya zaftare albashin matuƙa ba da yardar ƙungiyarsu ba. A Amurka yana iya roƙon kotu ta soke yarjejeniyar albashin da ya ƙulla da ƙungiyar. Kamfanin jiragen sama na Delta ya gwada haka bayan ya shiga kotun fatara a 2005, alhali a 2004 matuƙan sun riga sun haƙura da kashi 32.5 cikin ɗari na albashinsu. Ƙungiyarsu, ALPA, ta ce a taɓa yarjejeniyar su shiga yajin aiki. Ƙarshe sulhu aka yi a 2006, aka ƙara ragewa.

Ni dai ban ga laifinsu ba. Matuƙi ba ɗan kabu-kabun Kasuwar Daji ba ne da gobe za a samu madadinsa. Horar da shi sai an yi shekaru.