Ɗakin gwaji a cikin akwati: yadda ake gano Ebola da Lassa a inda annoba ta ɓarke

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin karkara a jihar Taraba. Idan muka yi zargin zazzaɓin Lassa, mukan aika jini mu zauna jira kwana da kwanaki. Na ji an ce akwai ɗakin gwaje-gwaje na tafi-da-gidanka da ake kafawa a tanti. A makaranta kuwa an koya mana cewa irin waɗannan ƙwayoyin cuta ba a taɓa su sai a gini mai tsaro na musamman. To yaya tanti zai iya wannan aiki, kuma sakamakonsa abin yarda ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da aka koya muku gaskiya ne, amma game da rainon ƙwayar cuta mai rai ake nufi. Wanda zai shuka Ebola ko Lassa don ta hayayyafa ya yi nazarinta, dole sai a ginin nan mai tsaro. Gano cuta a jinin majinyaci kuwa ba ya bukatar ƙwayar da ranta. Kashe ta ake fara yi, sannan a nemi shaidarta a gawar ƙwayar. A kan wannan dabara aka gina ɗakin gwajin tafi-da-gidanka gaba ɗayansa.

Jini yana zuwa daga ɗakin killace majinyata a rufe cikin mazubi uku, wani cikin wani, a goge bayansu da ruwan kulorin. Ba a buɗe shi sai a cikin wani akwati mai garai-garai wanda aka liƙa wa dogayen safar hannu. Ma'aikaci yana waje, hannuwansa ne kaɗai ke shiga. Akwai injin da ke zuƙe iskar cikin akwatin ta matata mai kama ƙwayoyin cuta, saboda haka ko da akwatin ya huje, iska ciki take faɗawa, ba ta fitowa. A nan ake zuba wa jinin sinadarin da ke farfasa ƙwayar, a bi shi da sifirit. Sai bayan wannan samfurin ke fitowa kan tebur, a tace ƙwayar halittar cutar, a sa a na'urar PCR wadda ke ruɓanya ta har ta isa a gani. Daga karɓar jini zuwa fitar sakamako, kamar awa huɗu ne idan komai na tafiya daidai.

Waɗannan awoyi su ne dalilin wahalar duka. A ƙasar Gini, Ebola ta fara kisa a Disambar 2013 a ƙauyen Meliyandu, kusa da garin Gekedu. An yi zaton kwalara, an yi zaton Lassa, ba a tabbatar da ko mene ne ba sai a watan Maris na 2014, bayan an kai jini birnin Liyon na Faransa. Wata uku cutar na tafiya ba a san sunanta ba. A ƙarshen wannan watan ne ɗakin gwajin tafi-da-gidanka na Tarayyar Turai, wanda cibiyar Bernhard Nocht ta birnin Hambug a Jamus ke jagoranta, ya sauka a Gekedu kusa da cibiyar jinya ta ƙungiyar likitocin agaji ta Médecins Sans Frontières. Kayan nasu duka a akwatuna goma sha wani abu suke, waɗanda jirgin fasinja ke iya ɗauka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin rukunonin wannan shiri a Asibitin Koyarwa na Irrua da ke jihar Edo aka ajiye shi, saboda gogewarsu a kan Lassa.

Ki tuna da ɗakin da ake ajiye waɗanda ake zargi. Mai maleriya da mai taifot suna kwance gefen mai Ebola, domin a kwanakin farko zazzaɓin duk kamarsu ɗaya. Kowane dare da mai maleriya ya ƙara a wurin, kasada ce ga ransa. Haka gawa: ana shafo ruwan bakinta a gwada, dangi su san ko za su yi jana'iza yadda suka saba.

Batun yarda da sakamako kuwa, na'urar da sinadaran iri ɗaya ne da na babban ɗakin gwaji. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen lokaci da mutane. A kwana ukun farko na rashin lafiya, ƙwayar Ebola kan yi ƙaranci a jini, don haka idan sakamako ya ce babu a wannan tsakani, sai an sake gwaji kafin a sallami mutum. Ita Lassa tana da nata wayon: jinsinta ya bambanta daga yanki zuwa yanki, shi ya sa gwaji mai kyau ke neman gurbi biyu a ƙwayar halittarta. Sauran matsalolin kin san su sarai: janareta ya mutu gwaji na tsakiya, zafi ya lalata sinadarai, ko a rubuta suna ɗaya a kwalabe biyu. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tsoro, domin na'ura ba ta gane shi.

Kayan sun ƙara sauƙi tun daga lokacin. A annobar Ebola ta gabashin Kwango ta 2018 zuwa 2020 an dogara sosai da na'urar GeneXpert, irin wadda ake gwajin tarin fuka da ita a asibitocinmu, tana fitar da sakamakon Ebola cikin ƙasa da awa biyu.

Game da halin da kuke ciki, ra'ayina shi ne tanti ba shi ne maganin matsalarku ba. An yi shi ne don annobar da ta faɗo ba zato. Lassa kuwa 'yar gida ce, tun 1969 aka gano ta a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma duk rani sai ta dawo. Abin da ya dace da ita shi ne ɗakin gwaji na dindindin a kusa, da abin hawa mai ɗaukar samfur kullum. Kafin a samu haka, ki ɗebi jini tun ranar da aka yi zargi, ki ajiye shi a sanyi, ki cike takardarsa har da ranar da ciwon ya fara, ki sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take. Idan alamu sun yi ƙarfi, likita na iya fara ba da maganin ribabirin kafin sakamako ya iso, tunda an fi sa ran amfaninsa a kwana shidan farko.