Amsa ga 'yar'uwar da ta kasa yin addu'a bayan rasuwar mijinta

'Yar'uwa, sannu da wannan babban rashi. Kin tambaya ko Allah yana tare da ke, tunda bakinki ya kasa addu'a. Yana nan.

Daren da za a kama Yesu, hankalin almajirai a tashe yake, sai ya yi musu alkawarin Mai Taimako, wato Ruhu Mai Tsarki, wanda zai koya musu kome, ya tuna musu da maganarsa (Yahaya 14:26). In kuma kin rasa abin faɗa, Romawa 8:26 ta nuna Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Kukanki ma yana ji.

Don Allah kada ki kulle kanki a ɗaki. Bari matan zumunta su zo su karanta miki Zabura 34.