Ko kuɗin agajin gaggawa bayan guguwar teku yana biyan kansa?

Malam, tambayarka ita ce ko kuɗin da ake kashewa a aikin ceto bayan guguwar teku ya cancanta, kuma da me ake auna shi. Ya cancanta. Ana auna shi ne da asarar da ya hana aukuwa. Dubi guguwar Idai da ta afka wa birnin Beira a Mozambik a Maris 2019, ta kashe fiye da mutum 1,000 a ƙasashe uku. Kwalara ta ɓarke bayanta, aka yi wa sama da mutum 800,000 rigakafi cikin 'yan kwanaki. Kwatanta kuɗin rigakafin da na jinya, da kwanakin aikin da magidanta za su rasa a kwance. Ga kuma tashar jiragen ruwan Beira, wadda Zimbabwe da Malawi ke shigo da kaya ta cikinta. Duk ranar da take rufe, asara ce har ƙetaren iyaka.

Sai dai da sharaɗi: sauri. Na yi aikin rabon kayan agaji bayan ambaliya, na ga ruwan sha mai tsabta da ya iso rana ta biyu ya fi tirelar shinkafa da ta iso bayan wata guda amfani. Masu lissafi kan manta da wannan, su tara jimillar kuɗi kawai.