Polaris 800 na hannu: a saya ko a haƙura?

Malam, ka ce ka samu babur ɗin dusar ƙanƙara Polaris 800 na 2009 a Ontariyo ta ƙasar Kanada, da araha, kana tsoron injin. Tsoronka na kan hanya. Injin 800 na waɗannan shekarun ya yi suna wajen lalacewar fistin, shi ya sa farashinsa ke faɗuwa.

Irin injin nan ne mai ƙona baƙin mai tare da fetur, fistin da zobensa suna saurin cinyewa. Ka ce wa mai shi kada ya tada shi kafin ka iso, ka taɓa da hannunka ka ji yana da sanyi, domin injin da ya yi ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Ka tafi da bakanike ya cire fulogi ya gwada matsin kowace silinda. Wajen 120 psi (ma'aunin matsin iska) ake so, kuma bambancin silinda biyun kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. In ya ce an sake fistin, nemi rasit. In babu rasit, ɗauka ba a yi ba, ka rage kuɗin gyaran daga farashin. Wallahi mutuwar inji a daji cikin sanyin Janairu na iya taɓa rai.

Duba bel ɗin ƙasa, wanda babur ɗin ke tafiya a kansa, ko ya yage, ka kuma bincika lambar jikinsa ko akwai bashi a kansa.

Ni da zan zaɓa, Yamaha Vector na fi so. Yana da nauyi, amma injinsa na daɗewa. Sai dai Yamaha ta daina ƙera baburan dusar ƙanƙara gaba ɗaya bayan samfurin 2025.